Yadda Ake Zaɓen Waƙoƙin Mas a Ikilisiyar Katolika

Yawancin shugabannin mawaƙa, idan suka zauna shirin Lahadi, waƙoƙi huɗu suke fara nema: ta shiga, ta kai baiko, ta karɓar Jibi, da ta fita. Da zarar an cike guraben nan sai a ga kamar aiki ya ƙare. Amma a tsarin Ikilisiya waɗannan su ne ke zuwa daga baya, ta fita kuwa ko ambatonta Littafin Mas bai yi ba. Abin da Ikilisiya ta fi so a rera shi ne Mas ɗin kansa, wato kalmomin da ke rubuce a littafin, waɗanda Fada da jama'a ke amsa wa juna. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa wahala, domin mafi yawan abin da za a rera an riga an zaɓa masa.

Abin da ke gaba da abin da ke baya

Ranar 5 ga Maris 1967 fadar Batikan ta fitar da umarni kan waƙa da kiɗa a sujada, mai suna Musicam Sacram, domin aiwatar da abin da Majalisar Batikan ta Biyu ta tsayar a 1963. Umarnin ya kasa abin rerawa mataki uku. Ya ce ana iya yin na farko shi kaɗai, amma na biyu da na uku ba a yin su sai tare da na farko.

A mataki na farko akwai gaisuwar Fada da amsar jama'a, addu'o'in da Fada ke yi a madadin kowa, musayar da ake yi kafin karanta Bishara, gabatarwar Addu'ar Yukaris tare da "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki", yabon da ke rufe addu'ar da babban Amin, Ubanmu, gaisuwar salama, da sallamar ƙarshe. A na biyu akwai "Ubangiji ka yi jinƙai", "Ɗaukaka ga Allah", "Ɗan Rago na Allah", Shaidar Bangaskiya da roƙe-roƙen masu bi. Sai a na uku ne waƙar shiga, ta baiko da ta karɓar Jibi suka shigo. Babban Umarnin da ke farkon Littafin Mas na yanzu ya ƙara wa Zabura da Halleluya nauyi fiye da yadda aka jera su a 1967, amma tushen yana nan: a fara da abin da Fada da jama'a ke rerawa tare.

Ke nan mutum na farko da za ku zauna da shi Fada ne. Ku tambaye shi me zai rera. Idan ya ce ba shi da murya, ku nuna masa cewa "Ubangiji ya kasance tare da ku" ana iya rera ta a kan sauti guda, ba hawa ba sauka, jama'a su amsa a kan sautin nan. Mai kibod ya taɓa masa sautin a hankali kafin ya fara, sannan ya ɗage hannu. Dokar a bayyane take: lokacin da Fada ke yin addu'o'in da ke nasa, musamman Addu'ar Yukaris, kayan kiɗa suna yin shiru. Kiɗa mai taushi a ƙarƙashin kalmomin keɓe gurasa da ruwan inabi, komai daɗinsa a kunne, ba shi da gurbi.

Zaman shiri

Kada ku buɗe littafin waƙoƙi tukuna. Ku ajiye abubuwa uku a gabanku: kalandar sujada ta daiosis (yankin da bishof ke shugabanta), littafin karatun Mas, da Littafin Mas. Kalandar ce za ta gaya muku wace rana ce, ko wani babban idi ya ture Lahadin, ko za a yi "Ɗaukaka ga Allah". Kuskuren da ya fi kunyata mawaƙa shi ne su shirya waƙoƙin wata Lahadi, su iso su tarar da idi ya hau kanta.

Karatun Lahadi yana zagayawa cikin shekara uku: A ta Matiyu, B ta Markus, C ta Luka, Yohanna kuwa ya fi fitowa a lokacin Azumi da na Ista. Shekarar da ta rabu da uku ba saura ita ce C, kamar 2025. Ku tuna dai shekarar Ikilisiya tana somawa ne daga Lahadin farko ta Adbent, lokacin jiran zuwan Ubangiji, ba daga Janairu ba.

Ku karanta Bishara da farko, da ƙarfi, har ƙarshe. Sai karatu na farko, domin a Lahadin tsakiyar shekara an zaɓo shi ne don ya dace da Bisharar. Sai Zabura, wadda amsa ce ga karatu na farko. Karatu na biyu a waɗannan makonni yana bin wasiƙa guda ne sashe bayan sashe, saboda haka sau da yawa ba ya haɗuwa da sauran, kuma babu dalilin tilasta masa. Daga nan ku duba Littafin Mas. Kowace rana tana da ɗan gajeren nassi na shiga da na karɓar Jibi, galibi daga Zabura ko daga Bishara. Mutane da yawa ba su san da su ba, alhali su ne shawarar Ikilisiya ga mai zaɓen waƙa. Idan kuna da kari mai sauƙi da za ku ɗora su a kai, ku rera su. Idan babu, ku nemi waƙar da ta fito daga Zaburar nan, ko wadda ke faɗin abu ɗaya da ita.

Akwai tarko a lambar Zabura. Littattafan da suka bi lissafin Latin suna bayan lissafin Ibrananci da ɗaya a yawancin Zabura, don haka wadda wani littafi ya kira 22 ita ce 23 a wani. Ku gwada kalmomin farko, kada ku dogara da lamba kawai.

Ba lallai ne kowace waƙa ta maimaita Bishara ba. Idan Lahadi ta huɗu ta Ista ce, ana karanta Yohanna 10 kan Makiyayi Nagari, Zabura da waƙar Jibi sun isa su ɗauki zancen makiyayi, ta shiga ta tsaya a kan tashin Almasihu, tunda har yanzu Ista ake ciki. Sannan ku duba gaba da nisa. A shekarar B, daga Lahadi ta 17 zuwa ta 21 ta tsakiyar shekara ana karanta Yohanna 6 kan Gurasar Rai, mako biyar a jere. Wanda ya zuba dukan waƙoƙin Yukaris da ya sani a makon farko zai rasa na yi a na uku. Shi ya sa shiri na lokaci guda ɗungum, Adbent gaba ɗaya ko Azumi gaba ɗaya, ya fi shirin mako-mako.

Auna waƙa kafin a karɓe ta

Ku rubuta kalmomin a takarda ku karanta su ba tare da kari ba. Kari mai daɗi yana rufe aibin kalma, a karance kuwa babu abin da zai ɓuya. Majalisar Batikan ta Biyu ta ce kalmomin waƙa dole su dace da koyarwar Katolika, kuma a fi ɗebo su daga Littafi Mai Tsarki da addu'o'in sujada. Dalilin a fili yake: mutum kan manta wa'azi kafin ya isa gida, amma amshin da ya rera yana bin sa shekara da shekaru. Abin da jama'a ke rerawa shi ne suke gaskatawa a ƙarshe.

Waƙar Jibi da ke kiran abin da ake karɓa gurasa da ruwan inabi na tunawa kawai, ba ta taɓa cewa Jiki da Jinin Almasihu ne ba, ba ta faɗi bangaskiyar Ikilisiya ba, ko da an saba jin ta a wasu majami'u. Waƙar da ke yi wa Budurwa Maryamu sujada irin ta Allah ta wuce gona da iri, domin girmama ta muke yi, muna roƙon addu'arta. Wadda ke yi wa mai ba da baiko alkawarin dukiya, ko take roƙon halakar maƙiyi, ba ta da wuri kusa da bagadi. A 2008 kuma Batikan ta umarta a daina furta sunan Allah na Ibrananci mai baƙaƙe huɗu a waƙa da addu'ar sujada, a ce "Ubangiji" a madadinsa. Aron waƙa daga wasu Kirista ba laifi ba ne, da yawa daga cikinsu Zabura ce tsantsa. Ma'aunin dai ɗaya ne ga kowace waƙa, kuma littafin da bishof-bishof suka amince da shi ne wurin farawa.

Ku duba kuma wa ke magana a waƙar. Mas addu'ar jama'a ce gaba ɗaya, shi ya sa addu'o'insa ke cewa "muna roƙonka". Waƙar "ni" tana da gurbinta, Zabura ma cike take da ita, amma idan daga shiga har fita babu "mu" ko sau ɗaya, wani abu ya karkace.

Bayan kalma sai zaman kalma a kan kari. Wannan ya fi damun waƙoƙin da aka fassaro. A harshe irin namu, inda tsawon wasali da hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, karin da aka yi wa wani harshe yakan ja gajeriyar gaɓa ya datse doguwa, har kalmar ta fita daga kamanninta. Gwajin mai sauƙi ne: ku rera wa wanda bai taɓa jin waƙar ba, ku ce ya maimaita abin da ya ji. Idan ya kasa, a gyara fassarar ko a ajiye waƙar. Waƙar da aka tsara tun asali cikin harshen jama'a ta fi zama daram, Majalisar ma ta ce a ba kiɗan al'ummomi daraja da gurbin da ya dace. Tare da haka ta ba waƙar Giregori, tsohon salon rerawa na Ikilisiya cikin Latin, matsayi na farko, ta kuma so masu bi su iya rera sassan Mas da Latin. Don wannan ne Fafaroma Bulus na Shida ya aika wa bishof-bishof ɗan ƙaramin littafi mai suna Jubilate Deo a 1974, ɗauke da karin da suka fi sauƙi. Ikilisiyar da ta iya ko da "Mai Tsarki" da "Ɗan Rago" guda ɗaya cikin Latin za ta iya rerawa tare da baƙi daga kowace ƙasa.

Bin Mas daki-daki

Waƙar shiga aikinta huɗu ne: ta buɗe sujada, ta haɗa kan waɗanda suka taru, ta shigar da tunaninsu cikin lokacin ko idin, ta kuma raka masu shigowa. Tsawonta tsawon tafiyar ne. Tana farawa da motsin masu hidima, tana ƙarewa idan Fada ya isa kujerarsa, bayan turare idan ana yi. Ku san tun a gwaji inda za a iya tsayawa. Waƙar da baitinta na farko na Uba ne, na biyu na Ɗa, na uku na Ruhu Mai Tsarki, ba a yanke ta a na biyu, sai dai a zaɓi wata. Kuma ta kasance wadda kowa ya iya. Idan jama'a suka yi shiru a waƙar farko, da wuya su buɗe baki a sauran.

"Ubangiji ka yi jinƙai" ana maimaita kowane kira sau biyu a bisa al'ada. Ku tambayi Fada wane salon tuba zai yi. Idan ya ɗauki wanda kiran ke ciki, ba a sake rera shi, idan kuma yayyafa ruwa mai tsarki za a yi, shi ne ya maye gurbin tuban, sai a nemi waƙar baftisma.

"Ɗaukaka ga Allah" ba a musanya kalmominta da wasu. Yawancin matsala a nan daga karin da aka taƙaita ne: an ɗauki layin farko an mai da shi amshi, an zubar da rabin sauran, ko an sa wata waƙar yabo dabam. Ku ɗora kalmomin karinku kusa da Littafin Mas ku bi layi-layi. Haka za ku yi wa "Mai Tsarki" da "Ɗan Rago na Allah". Ana rera "Ɗaukaka" a ranakun Lahadi ban da na Adbent da Azumi, ana kuma rera ta a manyan idi da bukukuwa.

Zabura mai amshi Maganar Allah ce, daidai da sauran karatu. Ba a sa waƙa a madadinta, komai kyan waƙar. Mai rera ta yana tsayawa a mumbarin karatu, ya rera amshi sau ɗaya, jama'a su maimaita, sannan ya shiga baitoci. Amshi ya zama gajere, wanda za a kama a ji ɗaya. Idan koyon sabon amshi kowane mako ya fi ƙarfinku, littafin karatu ya ba da mafita: akwai Zabura na lokaci da za a iya riƙewa makonni. A lissafin Ibrananci, a Adbent 25 ko 85, a Kirsimeti 98, a Azumi 51, 91 ko 130, a Ista 118 ko 66, a sauran shekara irin su 27, 34, 63, 103 da 145. Wanda za a ba wannan aiki a zaɓe shi don fitar kalma a bakinsa kafin zaƙin murya.

Halleluya ta rerawa ce, kowa a tsaye. A ranar da karatu ɗaya ne kafin Bishara, Littafin Mas ya yarda a bar ta idan ba za a rera ba. Ayar da ke tsakiya a ɗauko ta daga littafin karatu. A Azumi ba a furta Halleluya ko kaɗan, har a cikin baitin wata waƙa, don haka ku bincika baitocin ƙarshe, a nan take ɓuya. Ranar Ista da ranar Fentikos akwai doguwar waƙa ta musamman da ake yi kafin Halleluya, kuma wajibi ce a ranakun nan biyu.

Waƙar baiko tana ci gaba aƙalla har a ɗora gurasa da ruwan inabi a kan bagadi. Ba dole ba ne ta yi zancen bayarwa, waƙar lokacin ko ta yabo ta wadatar, kuma nan ne wuri mafi dacewa mawaƙa su rera wani abu su kaɗai idan sun shirya shi da kyau. Alamar tsayawa ita ce wanke hannun Fada. Da ya ɗauki tawul, ku rufe baitin da kuke ciki.

"Mai Tsarki" ci gaban maganar Fada ce, saboda haka kada a sa dogon kiɗan share fage tsakaninsu. Sauti ɗaya ko biyu sun isa. Ita da shelar asirin bangaskiya da babban Amin, zai fi kyau su fito daga kari guda kuma a ki guda, wato matakin sauti ɗaya, domin addu'a ɗaya ce. Waɗannan uku na jama'a ne, ba a ba mawaƙa su kaɗai.

Babu waƙar gaisuwar salama a tsarin Roma, wasiƙar da Batikan ta fitar a 2014 ta ce a bar ta. "Ɗan Rago na Allah" tana farawa ne lokacin da Fada ya soma gutsuttsura gurasa, ana iya maimaita ta muddin yana yi, a rufe da "ka ba mu salama".

Waƙar karɓar Jibi tana farawa tun Fada yana karɓa, ba sai layi ya kafu ba, kuma tana ci gaba har mutum na ƙarshe. A nan lissafi yana da amfani. A ce mutum 400 ne za su karɓa, masu rabawa biyu, kowane mutum daƙiƙa biyar: kusan minti 17 ke nan. Waƙa mai baiti huɗu ba za ta kai ba. Ku auna naku da agogo Lahadi biyu ko uku, ku shirya gwargwadonsa. Mafi dacewa ita ce mai amshi wanda aka haddace, mawaƙa su riƙe baitoci, domin mai tafiya a layi ba ya riƙe littafi. Zabura 34, mai cewa a ɗanɗana a ga Ubangiji nagari ne, tana shiga kowace rana. Waƙoƙin durƙuso gaban Yukaris sun fi dacewa da lokacin sujada ga Sakramenti, na Maryamu kuma a kai su wani gurbi. Ku tsara yadda mawaƙa za su karɓa ba tare da waƙa ta mutu ba: rabi su tafi, rabi su riƙe, sannan a yi musanya. Bayan an gama sai shiru. Shirun nan sashe ne na sujada, kada mai kibod ya ɗauka rami ne da zai cike. Idan za a yi waƙar godiya bayansa, ta zama guda ɗaya, gajeriya, ta kowa da kowa.

Ta fita al'ada ce mai kyau, ba doka ba. Baiti biyu sun isa, ko kiɗa kawai, a Azumi ma ana iya fita shiru.

Lokutan shekara

Ya kamata makaho da ya shigo coci ya gane lokacin da ake ciki daga abin da kunnensa ya ji. Hanya mafi sauƙi ita ce a ware wa kowane lokaci karin Mas nasa: mara ado ga Adbent da Azumi, mai armashi ga Kirsimeti da Ista, ɗaya ko biyu ga sauran makonni 33 ko 34.

Adbent kashi biyu ne. Har zuwa 16 ga Disamba ido yana kan komowar Almasihu a ƙarshen zamani, daga 17 zuwa 24 ne ake juyawa ga haihuwarsa. Waƙoƙin Kirsimeti su jira daren Kirsimeti, sannan a ci gaba da su har idin Baftismar Ubangiji a Janairu. Abin da aka saba gani shi ne akasin haka, a fara su da wuri, a watsar da su washegarin idi. Kayan kiɗa a Adbent a sassauta su. A Azumi kuwa ana kaɗa su ne don tallafa wa murya kawai, ban da Lahadi ta huɗu da manyan idi da bukukuwa.

Mako Mai Tsarki yana bukatar shiri na aƙalla wata biyu, domin kusan duk abin da za a rera sau ɗaya ake yin sa a shekara. Ranar Alhamis da yamma ana rera "Ɗaukaka" da ƙararrawa, daga nan ƙararrawa ta yi shiru har daren Ista. A shirya waƙoƙin wanke ƙafa, da ta raka Sakramenti zuwa inda za a ajiye shi. Ranar Juma'a babu Mas, babu waƙar shiga, babu ta fita: ana shiga shiru, ana fita shiru. Sumbatar gicciye kan ɗauki lokaci mai tsawo, a tanadi waƙoƙi fiye da yadda ake zato. A daren Ista akwai shelar Ista, karatu bakwai daga Tsohon Alkawari kowanne da Zaburarsa, Halleluya sau uku tana hawa, da kiran sunayen tsarkaka idan akwai baftisma. Ku tambayi Fada tun da wuri karatu nawa za a yi, ku raba Zaburar tsakanin mutum biyu ko uku. Sannan Ista kwana 50 ce har Fentikos, waƙoƙin tashi daga matattu su kai can, ko da watan Mayu ya shigo da marmarin waƙoƙin Maryamu.

Murya da kayan kiɗa

Idan jama'a ba sa rerawa, kafin a ce ba su da himma a duba ki. Muryar yawancin mutane tana sakewa ne daga sautin C ta tsakiya zuwa D ta sama a kan kibod. Waƙar da ta kai E ko F, ko ta daɗe tana shawagi a sama, za ta bar maza da tsofaffi a baya. Littattafan murya huɗu sukan ɗaga ki saboda masu siririyar murya, don haka ku sauke da sauti ɗaya ko biyu, a Mas na sassafe ma ku ƙara saukewa. Ku rubuta ki ɗin kowace waƙa a takardar shiri, kada mai ɗauko waƙa ya kamo ta daga iska.

Sauri ma haka. Jama'a su iya rera layi guda da numfashi ɗaya. Idan suna yanke kalma don shaƙar iska, an yi jan jiki da yawa, idan kalmomi suna hawa kan juna, an yi gaggawa. Babban gini mai amsa kuwwa yana son a rage sauri, a kuma rage bugun ganga.

Majalisar ta ɗaukaka organ mai bututu, ta kuma yarda da sauran kayan kiɗa idan hukumar Ikilisiya ta yankin ta amince kuma sun dace da sujada. Ma'auninsu duka ɗaya ne: a ji kalma. Ku sa wani ya tsaya a bencin ƙarshe lokacin gwaji. Idan ba ya jin kalmomi, ko ba ya jin muryar na kusa da shi, a rage. Mai jagorar waƙa ya matso kusa da makirufo a baitinsa, ya ja da baya idan amshi ya zo. Muryar mutum ɗaya da ta cika lasifika tana sa jama'a su koma 'yan kallo. Ku kashe kiɗan da kibod ke bugawa da kansa, domin inji ba ya jiran numfashin mutane.

Sabuwar waƙa, aure da jana'iza

Sabuwar waƙa guda a wata ta isa, sabon karin Mas kuwa guda a shekara. Mawaƙa sukan gaji da waƙa tun jama'a ba su gama koyonta ba, saboda su sun rera ta sau da yawa a gwaji, jama'a kuwa sau ɗaya a mako suke jin ta. A makon farko mawaƙa su rera ta a lokacin baiko. A na biyu a koyar da amshi minti uku kafin Mas, layi-layi, da murya ba kiɗa. Daga nan a riƙe ta Lahadi uku ko huɗu a jere. Kada a fara sabon abu ranar babban idi, lokacin da coci ke cike da waɗanda ba kullum suke zuwa ba. Idan za ku buga kalmomi a takarda ko ku haska a bango, ku nemi izinin mai waƙar, haƙƙinsa ne.

A aure da jana'iza iyali sukan zo da waƙar da suke ƙauna. Ku tanadi jerin waƙoƙi uku ko huɗu ga kowane gurbi, ku ba su su zaɓa, ya fi a ce musu a'a kai tsaye a ranar da zuciyarsu ke cike. Waƙar soyayya ko wadda marigayi ke so, idan ba ta sujada ba ce, a kai ta wurin liyafa ko zaman gaisuwa. A Mas na aure ana rera "Ɗaukaka ga Allah". A na jana'iza waƙoƙi su tsaya kan tashin Almasihu da roƙa wa mamaci jinƙai, kada su yanke hukuncin cewa ya riga ya shiga sama, kuma a tanadi waƙar bankwana ta lokacin da ake yayyafa wa akwati ruwa da turare.

Ku riƙe littafi guda na rubuta abin da aka rera kowace Lahadi: rana, shekarar karatu, waƙa, ki, da ɗan bayani kan ko ta kai tsawon tafiyar, ko jama'a sun ɗauka. Takardar mako ta isa hannun Fada, mai kibod da mai Zabura kafin ranar gwaji, domin Fada ne ke da maganar ƙarshe, kuma gyara ya fi sauƙi ranar Laraba fiye da safiyar Lahadi. Bayan shekara uku karatun zai dawo, ku buɗe shafin ranar ku fara daga abin da kuka rubuta.